Talata, 8 ga Maris 2022: ranar faci

Ko shayi ban gama sha ba na hau mashin zuwa ofis. Tun jiya da dare na karanta bayanin da wani mai rubuta manhajoji, Max Kellermann, ya fitar kan ɓarakar tsaron da ya gano a kanel ɗin Linux (wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta), wadda ya raɗa wa suna Dirty Pipe, mai lamba CVE-2022-0847. Barcin kirki bai yiwu ba.

Yaron da ke koyon aiki a wajena ya tare ni a ƙofa: "Oga, mu kashe komai ne?" Na ce masa a'a, tukuna, mu fara sanin wacce ta kamu. Ɓarakar ta soma ne daga kanel 5.8, don haka muka bi sabobinmu shida (kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima) ɗaya bayan ɗaya muna duba lambar kanel ɗinsu. Huɗu suna kan 5.4, lafiyarsu ƙalau. Biyu suna kan 5.10. Ɗaya ni kaɗai ke shiga cikinta. Ɗayar kuwa ita ta tayar min da hankali, domin ɗalibai na da asusu a kanta, kuma wannan ɓarakar sai wanda ya riga ya shiga gida yake iya amfani da ita.

Na gwada a na'urar gwaji, da asusun da ba shi da ikon komai. Fayil ɗin da aka ce karatu kawai aka yarje min, sai ga shi na sauya abin da ke ciki. Gabana ya faɗi. Abin da ke faruwa shi ne, bututun da manhajoji ke miƙa wa juna bayanai ta cikinsa yana da wata alama mai cewa an halatta ƙara rubutu a nan, kuma ba a goge ta idan aka ɗora sabon shafi, wato guntun bayanan fayil. Sai rubutun maharin ya zarce kan kwafen fayil ɗin da ke ƙwaƙwalwar na'ura. Wanda ya taɓa fayil ɗin asusu ta haka, ya zama mai gida, mai iko da komai a na'urar.

Gyaran kansa layi biyu ne kacal, a mayar da alamar sifili. Ya fito tun 23 ga Fabrairu a kanel 5.16.11 da 5.15.25 da 5.10.102.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne haƙurin Kellermann. Ƙorafin kwastoma ne kan fayilolin da suka lalace, tun Afrilun 2021, ya yi ta bin sawu wata da watanni har ya cimma tushen. Irin ƙorafin da da yawanmu za mu ɗora wa faifan ajiya mu wuce.

Bayan Azahar na sanar da ɗalibai, muka ɗora facin, muka kashe sabar muka sake kunnawa. Na maimaita gwajin safe, ya ƙi ci. Na sa yaron ya gwada da hannunsa, shi ma ya ƙi. Saura gobe in bi fayilolin asusu, in tabbatar ba wanda ya riga mu.