Amanar Kare a Manchesta

Na baro Daura a shekarar 2022 na zo Manchesta da bizar aikin kula da tsofaffi, kuma ko a mafarki ban taɓa ganin kaina a ɗakin jiran likitan dabbobi ina riƙe da igiyar kare ba. A garinmu kare na maharba ne da Fulanin ruga, yana kwana a waje, yana cin ragowar tuwo, idan ya mutu a ja shi zuwa bayan gari.

Wani dattijo Bature maƙwabcinmu ne ya jawo mini. Shi ya nuna mana ranar da ake fitar da shara, da yadda ake kunna na'urar ɗumama ɗaki a hunturunmu na farko. Da ƙarfinsa ya ƙare aka ɗauke shi zuwa gidan tsofaffi, inda aka ce ba za a karɓi karensa ba, sai ya roƙe ni in riƙe masa shi. Na kasa cewa a'a. Uwargida ta gindaya sharaɗin cewa ba zai taka cikin falo ba, muka gyara masa rumfar katako da ke bayan gida, yara kuma suka laƙaba masa suna Dogo.

Bayan kusan shekara guda, ɗiyata tana shafa wuyansa ta ji kaluluwa biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi, masu tauri kamar goriba. Likita ta laluba ta sami wasu a bayan gwiwoyinsa, ta zuƙi ruwansu da siririyar allura aka kai gwaji. Sakamakon ya nuna limfoma, ɗaya daga cikin ire-iren ciwon dajin da suka fi kama karnuka.

Ta shimfiɗa mini hanyoyin dalla-dalla, ba tare da ta tura ni ga ko ɗaya ba. Idan aka bar shi babu magani, da wuya ya wuce mako 4 zuwa 6. Ƙwayar firednisolon kaɗai tana da araha, tana sa kumburin ya sace, ta dawo masa da cin abinci, amma wata 1 zuwa 3 take ƙarawa. Sai kuma kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar daji, mai haɗin magunguna huɗu da ake kira CHOP, wanda ake yi har kusan wata 6. Yawancin karnuka cutar takan lafa musu, su yi kimanin shekara guda, sannan ta dawo. Ta ce karnuka ba sa jigata da shi kamar mutane domin ba a ba su da yawa, amma ta gargaɗe ni cewa idan na daɗe a kan firednisolon, kemo ba zai yi tasiri sosai ba in na sauya ra'ayi daga baya.

Kuɗin ne ya sa na yi zuru. An ƙiyasta mini kusan fam 5,000, a lokacin da fam ɗaya ya haura naira 2,000, wato naira miliyan 10 ke nan. Hukumar lafiya ta NHS ba ruwanta da dabbobi, inshorar da dattijon yake biya ta yanke tun da ya bar gida, sabuwa kuma ba ta ɗaukar cutar da aka riga aka gano. Ƙungiyar agajin dabbobi ta PDSA tana taimakon masu karɓar tallafin gwamnati, ni kuwa bizata ta haramta mini wannan tallafin. Ga kuɗin makarantar ƙannena a gida, ga maganin hawan jinin Inna.

Na kira kawuna a Daura, wanda ya yi farauta a ƙuruciyarsa, ina jiran ya yi mini dariya. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, wata magana ce mai kama da wasa." Ya saurara har na gama, sannan ya tambaya, "Yana ci? Yana tashi ya tarye ka?" Na ce yana yi. Ya ce, "To ɗana, amana aka ba ka, ka ciyar da shi, ka sauƙaƙa masa ciwo, amma kada ka ɗauki haƙƙin uwarka ka saya masa shekara guda. Ka je ka faɗa wa mai shi gaskiya." Ya kuma tuna mini hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi da huffinsa.

Zuwa wurin dattijon ya fi komai yi mini nauyi. Na yi masa bayani ina kallon ƙasa, shi kuma ya ce ko da yana da kuɗin ba zai so a riƙa kai Dogo asibiti kusan kowane mako ana huda masa jijiya ba. Muka tsaya a kan firednisolon.

Yau mako na bakwai ke nan. Ƙwayar tana sa shi yawan ƙishi da fitsari, don haka nakan fita da shi bayan sallar asuba, in sake fita idan na dawo daga aiki. Likita ta ce in riƙa rubuta ranakun da ya ci da waɗanda ya ƙi, idan na ƙin suka rinjaya mu koma mu yi maganar allurar ƙarshe da ake yi wa dabba ta mutu ba tare da wahala ba. Takardar tana manne a jikin firij, kuma uwargida, wadda har yanzu ba ta yarda ya shigo falo ba, ita ce ke cike ta.