Yatsu Biyu a Kafaɗata

Aikina a Guangzhou shi ne sayen kaya da lodi. 'Yan kasuwarmu na gida su turo kuɗi da hoton abin da suke so, ni kuma in bi kasuwanni da kamfanoni, in duba, in haɗa, in tsaya a kan kwantena har a rufe. Tsakanin Najeriya da Caina akwai awa 7. Lokacin da Alhaji ya idar da sallar la'asar a Kwari ya tuna da kayansa, ni a wajena sha ɗayan dare ta wuce. Haka na shekara uku ina kwana da waya a kunne. Barci ya ƙaurace, ƙugu ya riƙe, wuya ya sanƙare har sai na juyo da jikina duka idan an kira ni ta baya. Da na je asibiti likita ya auna ya ce jinina ya hau, ya rubuta magani, ya ce in riƙa motsa jiki.

Daga unguwar Xiaobei, inda baƙaƙen fata suka fi yawa, zuwa gandun shaƙatawa na Yuexiu tafiyar ƙafa ce. Idan na yi asuba barci ya ƙi komowa, can nake zuwa. Da sassafe wurin na tsofaffi ne. Za ka gan su rukuni-rukuni ƙarƙashin manyan itatuwa dangin ceɗiya masu saiwoyi a rataye, suna ɗaga hannu a hankali kamar masu tafiya cikin ruwa. Abin da suke yi shi ne qigong, ana furta shi kamar cigung. Ci shi ne numfashi, ko ƙarfin rai da suke cewa yana zagaya jiki. Gung kuma ƙwarewar da mutum ke samu ta hanyar daɗewa a kan aiki. Sunan bai bazu ba sai wajen shekarun 1950, amma abin kansa tsoho ne ƙwarai. A 1973 an tono wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe shekara 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka sami ƙyallen alharini da zanen mutane 44, kowa da irin miƙar da yake yi.

Ban tambayi kowa ba. Na ɗauko bidiyo a waya, na zaɓi baduanjin, wanda ya fi kowanne shahara. Motsi takwas ne, ana gama su cikin minti goma sha biyu ko makamancin haka: ka tallafi sama da hannu biyu, ka ja baka kamar mai harbin shaho, ka ɗaga hannu ɗaya ka danne ɗayan, ka waiwaya baya, ka karkaɗa kai da ƙugu, ka sunkuya ka kamo ƙafa, ka kai naushi ido a zare, sannan ka ɗaga dunduniya ka sake ta sau bakwai. Cikin mako guda na haddace. Wata huɗu ina yi, kullum ba fashi, kuma ina yi da ƙarfina duka. In an ce a durƙusa, in kai ƙasa sosai. In an ce a ja numfashi zuwa ƙasan cibiya, in cika ciki da iska in riƙe har kunnena ya yi ƙara. Gwiwata ta dama ta fara ciwo, jiri ya fara ɗibana, ni kuwa ina ɗaukar hakan alamar abin ya fara aiki, domin haka na karanta a intanet.

Akwai wani tsoho da ke tsayuwa ba nisa da ni. Siriri ne, ya haura saba'in, kullum da gorar shayinsa ta gilashi rataye a reshe. Mutum biyar ko shida ke tsayuwa tare da shi, kuma ban cika ganin suna motsi ba. Wata safiya ina tsakiyar tallafar sama sai na ji yatsu biyu a kafaɗata. Bai danna ba, ɗorawa kawai ya yi. Ya ce, "Fang sung." Ban san kalmar ba, Sinancina na ciniki ne, na nawa ne da rage mini. Amma jikina ya gane kafin kaina. Kafaɗuna suka sauko, kuma tazarar da suka sauko ta ba ni tsoro. Ashe a ɗage suke har kusa da kunne, ba a wajen atisaye kaɗai ba, haka nake tafiya, haka nake cin abinci, wataƙila haka nake kwana. Wata huɗu ina kallon mai bidiyo, ban taɓa ganin kaina ba. Mutum ba ya ganin ƙeyarsa.

Fang sung na nufin sassauta. Ita ce kalmar da na fi ji a bakinsa tsawon shekara biyu.

Abu na farko da ya yi shi ne ƙwace mini motsin takwas ɗin gaba ɗaya. Ya tsayar da ni tsayuwar da suke kira jan juwang, wato tsayuwar turke. Ƙafa a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan lanƙwashe amma kada ta wuce yatsun ƙafa, hannu a gaba kamar ka rungumi tulu, harshe a manne da ganɗa, haɓa a ɗan sunkuye. Shi ke nan. Minti biyar ranar farko, kuma kafin su cika cinyoyina na karkarwa, gumi na bin gadon bayana. Shi kuwa yana zagaya ni. Ya taɓa bayan gwiwata ta dama da bakin takalminsa, ya nuna mini tana karkatowa ciki, ga tushen ciwon. Ya sa tafin hannu a ƙuguna ya saukar da shi kamar zan zauna a kan doguwar kujera. Game da numfashi, wanda na ɗauka shi ne babban sirri, ya kaɗa hannu kawai. Wata ɗalibarsa mai jin Turanci ta fassara mini: kada ka kama shi, kada ka tura shi, in jiki ya sassauta zai sauka da kansa. Ta ce jirin da nake ji ba ci ba ne, iska nake hana kaina, kuma riƙe numfashi da yunƙuri haɗari ne ga mai hawan jini.

Mako shida ina tsaye ba motsi. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ina da kwantena a tashar ruwa, ina da mutum goma suna jiran amsa, ga ni tsaye ƙarƙashin itace kamar wanda aka yi wa horo a makaranta. Sau biyu na ƙaurace. Da na dawo bai tambaye ni inda na je ba, ya nuna mini wurina. A mako na biyar ne wata safiya na lura cikina yana kumbura yana sacewa shi kaɗai, tafin hannuna ya yi ɗumi, kuma minti ashirin sun wuce ban duba agogo ba. A daren na yi barcin da na manta akwai irinsa.

Da ya maido mini da baduanjin, motsi ɗaya yake ba ni a mako, wani lokaci biyu. Jan baka kaɗai ya ɗauki wata guda. Siffar ita ce ta bidiyo, ba abin da ya canja wanda kyamara za ta kama. Bambancin yana inda ƙarfin ke tasowa. Da da hannu nake ja, yanzu daga ƙafa yake hawowa ta ƙugu, hannu bi kawai yake yi. Na tuna malamin allonmu. Kowa na iya buɗe Mushafi ya ga harafin lallan, amma fitar da shi daidai sai ka zauna gaban wanda ya karɓa daga baki, ya ji naka, ya ce sake. Mu da muka tashi cikin wannan tsari na karɓa daga malami zuwa malami, ban san yadda aka yi na zaci waya za ta wadatar da ni ba.

Tsohon nan mabiyin tafarkin Dao ne, ɗaya daga cikin addinan gargajiya na Caina, kuma a nan maganar ta yi nauyi. Abokan zamana a Xiaobei sun fara cewa, "Alhaji, an ce ka shiga addinin 'yan Caina." Wasu da wasa, wasu da gaske, kuma na gaskiyar ban ga laifinsu ba. Na kira malamina na gida na zayyana masa komai. Tambayoyinsa uku ne: kana kiran wani? Kana rusuna wa wani? An ce ka ƙudurta wani abu? Na ce a'a. Ya ce to in tsaya a kan jiki, in kiyaye iyakata, duk ranar da ɗaya daga cikin ukun ya shigo in tashi. Ya kuma taimake ni sanin cewa Musulmin Caina, 'yan ƙabilar Hui, sun daɗe cikin irin waɗannan fannoni. Wang Ziping, wanda ya rasu a 1973, Musulmi ne, kuma yana cikin mashahuran gwanayen kokawa da ɗorin ƙashi na ƙasar.

Iyakar ta zo. Wata rana Shifu, haka muke kiransa, wato malam, ya kai mu Sanyuan Gong, tsohon wurin ibadarsu a gindin tudun Yuexiu. Hayaƙin turare ya turnuƙe farfajiya, mutane na sunkuyawa gaban gumaka. Na tsaya a bakin ƙofa. Bai waiwayo ya kira ni ba, bai kuma nuna ya ji haushi ba. Da suka fito ya ba ni labarin Ge Hong, malamin Dao na ƙarni na 4 wanda ake danganta wurin da matarsa, mai maganin gargajiya. A littafin Ge Hong na magungunan gaggawa ne Tu Youyou, wata masaniyar harhaɗa magunguna 'yar Caina ta zamaninmu, ta ga an ce a jiƙa ganyen cinghao, ɗan'uwan tazargade, a ruwa a matse a sha, ba a ce a dafa ba. Wannan ya sa ta gane zafi na lalata sinadarin, ta fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro da 'ya'yanmu ke sha yau, aka ba ta lambar Nobel a 2015. Na daɗe ina juya wannan a raina a hanyar komawa.

Daga baya aka yi maganar karɓar almajirai na cikin gida. A al'adarsu almajiri yakan durƙusa ya kai goshi ƙasa gaban malami, ya miƙa masa shayi. Na ce, "Shifu, goshina wuri ɗaya yake sauka." Ya yi shiru, sannan ya dunƙule hannun dama ya rufe da na hagu a gaban ƙirji, gaisuwarsu ta girmamawa, na mayar masa. Na ci gaba da zama ɗalibin waje. Akwai darussan zaman tunani da yake yi da almajiransa a gida waɗanda ban taɓa halarta ba, kuma ban nema ba. Amma kulawarsa da jikina ba ta ragu ko kaɗan ba. Da azumi ya kama, shi ya fara lura da leɓena a bushe, ya rage mini tsayuwa zuwa rabi, ya mayar da ni inuwa.

Abin da na ɗauka daga tunaninsu kaɗan ne, kuma ta hannu ya shigo. Suna da kalma, wu wei, wadda ake fassarawa da rashin yi, har wasu su ɗauka lalaci ne. Shifu ya ba ni gorar shayinsa ya ce in riƙe. Ya nuna mini yatsuna sun yi jawur don matsa. Ya sa na riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan har ta kusa suɓucewa, ya ce nan. Iya ƙarfin da aikin ke buƙata, ba ƙari. Ɗalibar nan ta ba ni wani labari daga tsohon littafinsu na Zhuangzi, na masassaƙin ƙafar keken doki da ya gaya wa sarki cewa in ya sassaƙa a sanyaye ƙafar ta yi sako-sako, in ya tsananta ta ƙi shiga, kuma daidai ɗin hannunsa ya san shi amma bakinsa ya kasa faɗa, ko ɗansa bai iya gaya wa ba, shi ya sa yana da shekara 70 yana nan yana sassaƙa. Da farko na ji kamar labarin yana rushe amfanin malami ne. Sai na duba abin da Shifu ya yi mini. Bai taɓa zuba mini daidai ɗin ba, ba zai iya ba. Duk lokacin da na kauce ne yake ɗora yatsa, har jikina ya rasa wurin zuwa sai wurin da ya dace.

Ina son in faɗi abu ɗaya ga duk wanda zai nema. A Caina kanta, a shekarun 1980 da 1990, cigung ya zama ruwan dare, miliyoyi suka shiga, 'yan damfara suka cika gari suna cewa suna warkar da cuta daga nesa. Irinsu sun koma intanet yanzu. Shifu bai taɓa yi mini alkawarin waraka ba. Ranar da na ce masa ina jin sauƙi, ina tunanin ajiye maganin hawan jini, ita ce rana ɗaya tak da na ga ya ɗaga murya. Ya ce wannan maganar likita ce, ba tasa ba, ba tawa ba. Har yau ina shan maganina. Kuɗi kuwa, ban da ganyen shayi da nake kai masa lokacin sabuwar shekararsu da dabinon da na taɓa kawo masa daga Umara, bai karɓi komai a hannuna ba.

Yanzu na dawo gida. Bayan asuba nakan hau saman bene in tsaya kafin gari ya ɗauki hayaniya. Ƙanena mai tuƙa babbar mota ya ga ina yi, ya ce, "Yaya, koya mini mana, bayan nan ya dame ni." Na ce tsayuwa kaɗai zan iya nuna masa, sauran ban kai ba. Ya tsaya, na zagaya bayansa, na ga kafaɗunsa a kunne. Na ɗora yatsu biyu.

Ni kuma ba ni da mai zagayawa bayana. Watan jiya na sa yarona ya ɗauke ni bidiyo ta baya, na tura wa ɗalibar nan ta WeChat ta nuna wa Shifu. Bayan kwana biyu saƙon murya ya shigo, daƙiƙa huɗu, ana jiyo tsuntsayen Yuexiu a bayansa. Ya ce gwiwar dama ta fara komawa ciki.