Daga Dabaran zuwa Aldebaran: abin da aji ya koya mini

Koyar da ilmin taurari a makarantar sakandare a Katsina yana da wata matsala da sauran darussan kimiyya ba su da ita. Da ka ce taurari, hankalin rabin ajin ya tafi wajen masu duba da bugun ƙasa, ragowar kuma sun ɗauka kayan Turawa ne aka sauke mana a littafi. Akwai uban da ya taɓa aiko a tambaye ni ko bokanci ake koya wa 'yarsa, ban kuwa ga laifinsa ba.

Abin da ya warware mini wannan ƙulli lissafin manoma ne. Tsofaffi a karkarar Daura da Mani har gobe suna ƙirga taurari 28, kowanne kwana 13, ɗaya ne kaɗai mai 14, shekara ta tashi kwana 365 cif. Da su ake sanin lokacin shuka da lokacin da ruwa zai ɗauke: Suraya, Dabaran, Haka'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, har zuwa ƙarshe. Sai na riƙa rubuta Dabaran a allo, in rubuta Aldebaran na littafin Turanci a gefensa, in ja baya in yi shiru. Ba a daɗewa wani zai ɗaga hannu: "Malam, ai wannan na kakanmu ne." Daga nan darasi ya kama hanya. Sunan Larabci ne, ma'anarsa mai bin baya, domin kullum yana biye da Suraya, wadda mu muke kira kaza da 'ya'yanta. A watan Disamba ko Janairu, in hazo ya yi sauƙi, yaro zai fita tsakar gida bayan isha'i ya ga kazar kusan bisa kansa, jan tauraron nan yana bin ta daga gabas.

Yadda sunan ya isa Ingila shi ne ya fi ɗaukar mini lokaci, kuma hanyar ta bi ta Farisa. Abdurrahman al-Sufi, haifaffen birnin Rayy na Farisa, ya rubuta littafinsa na taurari a 964. Ya ɗauki jerin da Girkawa suka bari, ya gyara, ya haɗa shi da sunayen da Larabawan sahara suke amfani da su. Kalmar zij ma, wadda malamai suke kiran littafin jadawalin taurari da ita, ta Farisanci ce, asalinta zaren saƙa, saboda layukan jadawalin sun yi kama da zare a masaƙa. A ƙarni na 12 aka yi ta juya irin waɗannan littattafai zuwa Latin a Andalus, wasu kalmomin suka ratsa ta Faransanci kafin Turanci ya karɓe su.

A hanyar nan masu kwafe littafi sun yi ɓarna, ɗalibai kuwa suna matuƙar jin daɗin wannan wurin. Tauraron da ake kira Betelgeuse asalinsa yadul jauza ne, wato hannun Jauza, gungun taurarin da Turawa ke kira Orion. Wani ya karanta harafin ya mai ɗigo biyu a ƙasa a matsayin ba mai ɗigo ɗaya, kuskuren ya zauna har yau. Kalmar zenith, wato tsakiyar sama daidai kan mutum, daga samtur ra'as ta fito, aka karanta harafin m na Latin kamar n da i. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san abin da ɗigo ɗaya kan jawo, tunda a rubutun Warshu ɗigon fa a ƙasa yake, na ƙaf kuma ɗaya ne a sama.

Muna samun ɗalibai daga Maraɗi da Damagaram waɗanda suka fara karatu da Faransanci. Su suka sa na lura da farin layin nan da ke ratsa sama a daren duhun wata. Bafaranshe yana ce masa hanyar madara, kamar yadda Girkawa suka ce, kuma daga kalmarsu ta madara aka samo galaxy. Bafarishe ya dubi abu ɗaya ya ga hanyar da aka ja kara da ciyawa suka zuba, ya ce kahkashan.

Nakan kuma kawo musu namu na gida, Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Ya yi rubutu a kan lissafin hatimi da kan taurari, kuma ba na ɓoye musu cewa a zamaninsa hisabi da duba a tabarma ɗaya suke zaune. Haka abin yake a Turai, Kepler, babban masanin taurarin nan Bajamushe, da kansa ya yi wa manya duban taurari don ya ci abinci.

Inda nake taka burki shi ne alfahari. Wasu da sun ji labarin nan sai su tsaya a "ashe mu muka fara", su rufe littafi. To sunan Dabaran ba zai gaya maka cewa haskensa yana shekara kusan 65 kafin ya iso mu ba, na kaza kuma sama da 400, wato mai bin bayan ko kusa da ita bai je ba. Waƙar Zara matar wata ba za ta sanar da kai cewa Zara da Gamzaki abu ɗaya ba ne, duniya ce mai zagaya rana, tana fitowa da magariba a wasu watanni, da asuba a wasu. Wannan sai da awo da lissafi. Husufin ranar 29 ga Maris 2006, da ya rufe Katsina da hantsi, an san ranarsa da sa'arsa shekaru kafin ya zo. Saboda haka a jarrabawa ba na tambayar asalin kalma. Tambayar da nake sawa ita ce me ya sa ba a yin husufi kowane wata, kuma wanda ya zana hanyar wata a karkace da digiri 5 daga hanyar da duniya ke bi shi ke cinye makin.