Sojan ruwa daga garin da ba teku

Jama'a, duk wanda hanya ta kai shi Texas a Amurka, ya daure ya ratsa Fredericksburg. Ƙaramin gari ne a cikin tuddai, Jamusawa 'yan ci-rani suka kafa shi a 1846, teku kuwa sai ka yi tafiyar sa'o'i a mota. Amma a nan aka haifi Admiral Chester Nimitz a 1885, wanda ya jagoranci sojojin ruwan Amurka a Tekun Fasifik lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ya sa hannu a madadin ƙasarsa ranar 2 ga Satumba 1945, da Japan ta miƙa wuya a kan jirgin Missouri.

Na daɗe tsaye gaban mutum-mutuminsa na tagulla, kusa da tsohon otal ɗin kakansa da aka yi wa fuska irin ta jirgin ruwa. Mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi, kakan nan, tsohon ma'aikacin jirgin 'yan kasuwa, shi ya zame masa uba.

Da aka nemi izinin Nimitz a yi gidan tarihi a otal ɗin, sharaɗi ya kafa: a sadaukar da shi ga duk waɗanda suka yi aiki ƙarƙashinsa. Wannan ya burge ni fiye da mutum-mutumin, gaskiya.

A bayan ginin akwai lambu, kyautar mutanen Japan ce tun 1976, har da kwafin ɗakin karatun Admiral Togo, tsohon jagoran sojojin ruwan Japan, wanda Nimitz ke girmamawa. Abokan gābar jiya fa! Can na tarar da tsofaffi zaune a inuwa, yara na ta ɗaukar hoto.