Shekarun da na ɓata ina ɗaukar saurin ɗaga hannu a matsayin ƙoƙari

Ƙannena da kuka gama NCE a FCE Zariya ko kuka fito daga ABU Samaru kuna shirin riƙe alli, ku zo in ba ku labarin wautar da na tafka, ko Allah zai sa ku tsallake ramin da na faɗa.

Na fara koyar da lissafi a JSS3 a wata sakandare wajen Tudun Wada, yara sun haura 70 a aji, bencin mutum uku mutum biyar ne a kai. Salona a lokacin ɗaya ne, in jefa tambaya, wanda ya riga ɗaga hannu shi ne gwanina. Yara huɗu zuwa biyar suka mallake ajin, sauran kuwa a raina na gama yanke musu hukunci, 'yan rakiya ne. Wata rana na ba da lissafin riba da faɗuwa, wai ɗan kasuwa ya sayi buhun masara kaza ya sayar kaza, 'yan gaban nan suka faɗi amsa kafin in rufe baki na ce a tafa musu. An tashi sai wata yarinya da ke zama can baya jikin taga, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta biyo ni ta ce Malam ai ba ka cire kuɗin mota da na ɗan dako ba, Mamanmu tana sayar da hatsi a kasuwar Sabon Gari kuma in ba a cire su ba ba riba ba ce. Wallahi kun san me na ce mata? Na ce wannan ba ya cikin littafi, ki wuce. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, don yarinyar nan ta fi ni fahimtar darasin da nake koyarwa.

Sai da na koma ƙaro karatu na ci karo da binciken wata Ba'amurkiya, Mary Budd Rowe, a shekarun 1970. Ta ɗauki muryoyin malamai a aji ta gano bayan tambaya daƙiƙa ɗaya kacal mafi yawansu ke jira, in aka ja jiran ya kai daƙiƙa uku ko sama sai amsoshi su ƙara tsawo kuma yaran da ba sa magana su fara. Daƙiƙa uku fa! Ni ko ɗayar ban cika ba su ba. To ashe yaro mai juya magana a ransa yana duba ta gaba da baya ba daƙiƙi ba ne, ni ne ban taɓa ba shi fili ba.

Kuskure na biyu zumuɗi ne ya jawo shi. Na ji labarin huluna shida na tunani na Edward de Bono, kowace hula da irin tunanin da mai sanye da ita zai yi, fara ta abin da aka sani tabbas, ja ta abin da zuciya ke ji, baƙa ta hango matsala, ruwan ɗorawa ta hango amfani, koriya ta sabuwar dabara, shuɗiya ta mai tsara tattaunawar. Na yanko kwali na yi huluna, ka san Bazazzagi da son hula, aji ya koma gidan biki. Wannan da sauƙi. Inda na yi ɓarna shi ne da na raba su na dindindin, na ce wa wani yaro mai yawan gardama kai baƙar hula ce taka, sunan ya bi shi har ya gama makaranta, shi ma ya yarda aikinsa kenan a duniya kushe maganar mutane. Alhali hikimar abin kowa ya sa kowace hula bi da bi, mai gardama a tilasta masa nemo alherin shawarar da ya ƙi, mai rawar kai a ce zauna ka lissafo mana inda za ta ɓaci. Yanzu ko kwalin ba na yankawa, a allo nake rubutawa mu bi tare.

Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne zaɓen aji a SS1. Ni nake yanke musu, mai sauri ya tafi sayens, mai sanyi ya tafi at ko komashiyal, iyaye kuma su ce duk yadda Malam ya ce. Akwai yaron da na tura sayens don bakinsa na da kaifi, ya zauna WAEC sau biyu kemistiri na kayar da shi, ashe ransa na harabar ABU ta Kongo yana son karatun lauya, ga shi bai yi adabin Turanci ba kuma JAMB na neman shi ga mai son lauya. Ban taɓa tambayarsa me yake so ba.

Don Allah kar ku zaɓa musu, ku koya musu yadda ake zaɓa. Ni dai yanzu kafin a rufe zango na uku ina sa kowa ya yagi takarda ya amsa, me ka sani da kanka me kuma ka ji a gari, in abin ya ƙi me za ka rasa, kuma in ka shiga akwai hanyar dawowa ko babu. Wanda ya rubuta likita zan zama don in yi aiki a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika sai in ce madalla, ɗauko sakamakonka na shekara uku mu duba tare, sannan ka je ka shawarci Baba ka dawo mini da abin da kuka tsayar.

Za a ce muku silabus ba ya jira, gaskiya ne, ni ma an sha yi mini faɗa a kan ban kammala ba. Har yanzu in na yi tambaya ina ƙirga biyar a zuci kafin in nuna kowa, 'yan sabon aji kan zaci mantawa na yi, makon jiya ma wani ya ce Malam ko in tuna maka tambayar ne.