Alhamis a Maigatari, da tambayar da Baba ya bar ni da ita

Yau na tashi da farin ciki. Jiya da daddare Maigida, wanda nake saya wa riɗi, ya kira ya ce kuɗin sayayya sun shigo, tirelar da muke jira tun makon jiya kuma ta baro Kano. Hunturu ya fara kankama. Inna ta dama kunun tsamiya, Auta ya goge min babur tun kafin in fito, na rataya jakar na'urar auna laima da kwamfutar hannu na bi ta Gumel. Hazo ko'ina, sai da na kunna fitila.

Kafin ƙarfe 9 mun buɗe rumfa. Wanda ya san Maigatari da shanu da raƙuma kaɗai, ya zo ya gan ta da kaka. Riɗi da zoɓo ne ta ko'ina, wasu a amalanke, wasu a bayan a-kori-kura, wasu daga tsallaken iyaka.

Kun san yadda aikin yake. Buhu ya zo, a caka masa ƙarfe a ɗebo kaɗan daga tsakiya, in zuba a tafin hannu in duba tsakuwa da ƙaiƙayi, sannan in sa a na'ura. Masu sayen kayanmu ba sa son laima ta wuce kashi 6 cikin 100, don riɗin da bai bushe ba yana iya yin fumfuna a cikin kwantena tun kafin jirgi ya kai. Daga nan sikeli, sai rasit, sai taransifa. Sabon abu a bana shi ne rajista: sunan manomi, ƙauyensu, lambar waya, hoto, da irin maganin ƙwarin da ya fesa. Manhaja ta fitar da lamba, mu liƙa a jikin buhu.

Wajen ƙarfe 11 wani dattijo ya iso da buhu 4 a amalanke, jikansa na jan shanun. Wallahi yau ban ga riɗi mai kyan nasa ba. Fari tas, an shiƙe shi da kyau, da gani a kan tamfol aka kakkaɓe shi, bai taɓa ƙasa ba. Na durƙusa muka gaisa, na ce, "Baba, sannu da ƙoƙari, wannan kaya ya yi." Ya ji daɗi. Muka yi ciniki ba gardama.

Da na ɗaga kwamfuta zan ɗauki hotonsa sai ya ɗaga hannu.

"Ɗan nan, na mene ne?"

Na yi masa bayani kamar yadda nake yi wa kowa. Na ce kayan nan ƙasar waje za su, Japan ko Sin ko Turkiyya, kuma can suna gwadawa. In suka samu ragowar maganin ƙwari ko wata cuta, suna so a iya bin sawu a gano daga inda buhun ya fito.

Ya yi shiru, yana gyara bakin rawaninsa. Sannan ya ce, "Wato in an samu aibi, an san ƙofar gidana."

Na ce haka ne, Baba.

"To in an samu riba fa? Ita ma ta san ƙofar?"

'Yan dako suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ci gaba a hankali, ba faɗa a muryarsa: "Mutumin can zai san sunana, da garinmu, da fuskata. Ni ban san sunansa ba. Ban san nawa yake saye ba. Kai da ka yi boko, ka sani?"

Na ce, "Baba, ni ma ɗan aike ne."

Maganar nan tawa ce ta hana ni sukuni tun azahar. Ba ƙarya na yi ba, amma ban faɗi gaskiya duka ba. Na sani. Shekara 4 na yi a kwalejin kimiyya da fasaha ina karanta harkar sayayya da safarar kaya, kuma abin da aka fara koya mana shi ne abu uku ke tafiya a harkar nan: kaya, kuɗi, da labari. Kaya su tafi gaba, kuɗi su dawo baya, labari kuwa ya je ya dawo. A allo haka aka zana mana, kibiya mai kai biyu. A rumfata kibiyar kai ɗaya gare ta, kuma ni ne ke riƙe da ita.

Ina iya bin buhun Baba da ido a rufe. Daren yau zai kwana a sito. Gobe tirela ta kai shi Kano, inji ya tace shi ya fitar da ƙasa da tsakuwa, nauyi ya ragu, a sake masa buhu. Daga nan sama da kilomita 1,000 zuwa Legas, ga shingaye a hanya, ga tsadar kuɗin mota, ga layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa. Sai takardun fitarwa, sai feshi, sai makonni a kan teku, ga dala da ke iya juyawa kafin kuɗi su dawo. Don haka ratar da ke tsakanin farashin rumfata da farashin can ba duka riba ba ce, kuma na ga kakar da Maigida ya yi asara har ya sayar da mota. Duk wannan zan iya zayyana wa Baba cikin minti biyar da Hausar da zai gane sarai. Mutumin da ya san lissafin taki da ƙwadago da sayar da kaka ko ajiyewa zuwa bazara, lissafin kwantena ba zai gagare shi ba. Layi ya yi tsawo, gaskiya ne. Amma ba layi ne ya rufe min baki ba. Na saba ne da cewa wannan sanin namu ne, na masu takarda.

Kuma kada ku ɗauka na juya wa rajistar baya. Na yarda da ita har zuciya. Duk mai harkar zoɓo a Jigawa yana tuna lokacin da Meziko ta daina karɓar namu saboda ƙwaron da aka samu a kaya. Mai tsafta da marar tsafta duk suka kwana a ciki, zoɓo ya yi kwantai a sito. Da ana iya nuna buhun da ya jawo, da ba a haɗa kowa an yi wa kuɗin goro ba. Riɗi irin na Baba shi ya fi kowa cancantar a san na waye. Abin da ke damuna shi ne har yau ban ga manomin da aka ƙara wa ko sisi don lambarsa ta fita da tsabta ba.

A ƙarshe ya yarda da suna, ya ƙi hoto. Na bar gurbin haka nan. Da alat ya shigo wayar jikansa, ya miƙe ya ce, "Allah ya yi maka albarka. In kana aika sunan, ka haɗa da tambayata."

Sauran yinin ya wuce kamar kullum. Sabis ya ɗauke bayan la'asar, mutum uku suka zauna jiran taransifa har kusan magariba. Na mayar da buhu 2 saboda laima, mai su ya tafi yana fushi. Ban ci komai ba sai gurasa da shayi.

A gida Auta ya tare ni da zancen JAMB, wai irin karatuna yake so ya cike, don ya ga ina yawo da kwamfuta. Da jiya ne da na ce masa bismilla nan take. Yau na ce ya bari mu yi magana ranar Asabar, kuma ya shirya ya bi ni kasuwar Gujungu ranar Lahadi ya ga aikin da idonsa. Inna ta dube ni ta ce, "Lafiya dai ko?" Na ce gajiya ce.

Yanzu ƙarfe 10 ta wuce. Ina zaune a bakin zaure, inda sabis ke kamawa, bayanan yau na jiran tafiya. A ƙasan shafin kowane manomi akwai ɗan gurbi na ƙarin bayani, wanda muke rubuta irin su "buhu ya yage" a ciki. Na buɗe na Baba na rubuta: "Manomi yana tambaya nawa ake sayar da kayansa a can, kuma ko akwai ƙari ga mai kaya mai tsafta." Na karanta sau biyu, na tura.

Gobe lodi ƙarfe 7. In Maigida ya zo da kansa, zan tambaye shi ko zai bari in riƙa rubuta lissafin hanya a allo a bakin rumfa.