Godiya ga duk waɗanda suka tsaya mana a jinyar autarmu

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an sallamo autarmu, tana gida, tana takawa da ƙafafunta. Kira da saƙonni sun fi ƙarfina, shi ya sa na ga gara in yi godiya a nan gaba ɗaya, in kuma amsa tambayar da kusan kowa ke yi mani: tunda an yi aikin, me za a riƙa komawa yi?

Larurarta karkacewar ƙashin baya ce, wadda likitoci ke kira sikoliyosis. Idan ta bayyana kafin yaro ya cika shekara 10, ba a kula da ita yadda ake yi wa manya, saboda ƙirji da huhu ba su gama girma ba. Mahaifiyarta ce ta fara lura wajen wanka: kafaɗa ɗaya ta ɗara ɗaya, in ta sunkuya sai haƙarƙarin dama ya taso. An naɗe mata gangar jiki da filasta, daga baya aka koma rigar roba mai tauri, amma kowane sabon hoto sai ya nuna lanƙwasar ta ƙaru.

Godiyata ta farko ga likitan ƙashin da ya yi aikin. Likita, Allah ya saka maka da alheri. Bayan ƙwarewar hannu, abin da ya fi kwantar mana da hankali shi ne zaman da ka yi da mu, da biro da takarda, kana zana mana ƙashin har muka fahimta. Ka ce babba ana iya miƙe masa baya a haɗe ƙasusuwan wuri ɗaya, shi ke nan. Ƙaramin yaro kuwa in aka yi masa haka gangar jikinsa ta daina tsawo ke nan, huhu ya rasa wurin buɗewa, alhali ƙananan jakunkunan iskar da ke cikinsa suna ci gaba da yawaita har wajen shekara 8.

Don haka aka sa mata sandunan ƙarfe biyu masu bin girman yaro. An kafe su sama da ƙasan lanƙwasar da ƙusoshi, aka bar tsakiya ba a haɗe ba. A tsohon tsari, duk bayan kamar wata shida sai an sake sa yaro barci a buɗe bayansa a ƙara wa sandar tsawo. Nata irin masu maganaɗisu ne a ciki, ana ce masu MAGEC, waɗanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da su a 2014. Za ta kwanta rub da ciki, a ɗora mata wata na'ura a baya, maganaɗisun ya juya, sandar ta ƙaru da 'yan milimitoci, a duba da hoto, mu koma gida. Ba yanka, ba allurar barci. To, komawar ke nan da kuke tambaya.

Likitan bai ɓoye mana komai ba. Sanda kan karye, ƙusa kan saki, wurin ɗinki kan yi ruwa, na'urar cikin kan ƙi motsi, kuma galibi akwai babban aiki na ƙarshe idan ta gama girma. A ganina likitan da ya faɗa maka wannan tun kafin ka sa hannu ya fi wanda zai ce maka kada ka damu.

Ina godiya ga likitan barci, da wanda ya zauna gaban kwamfuta yana lura da jijiyoyin ƙafafunta har aka gama. Ma'aikatan jinya kuwa ban san da wane baki zan gode masu ba. Tsakar dare za su zo su biyu, ɗaya ta riƙe kafaɗa ɗaya ta riƙe ƙugu, su juya ta gaba ɗaya kamar gungumen icce don kada bayan ya murɗe, suna yi mata hira har ta manta da kukan. Haka ma mai koyar da motsa jiki, wadda ta lallashe ta har ta yarda ta sauko daga gado.

Maman yaron gadon da ke kusa da namu, na gode. Ɗanki na ɗauke da wani ƙarfen daban, VEPTR, mai buɗa haƙarƙari, kin riga mu shiga wannan hanya, kuma ke kika koya wa mai ɗakina yadda ake tayar da yaro zaune ba tare da an ja hannunsa ba. Allah ya ba naki lafiya.

Yaya da Kawu da abokan aikina da suka ba da jini, Gwaggo da ta riƙe mana sauran yaran, surukaina, malaman makarantarta, da ku da ba mu taɓa haɗuwa ba amma kuka yi ta addu'a, Allah ya biya ku. Mahaifiyarta kuma, wadda ta yi kwanan kujera ba ta taɓa ƙorafi ba, Allah ya sa ki ci moriyar wahalarki.

Masu zuwa dubiya, muna maraba. Roƙo ɗaya: kada a ɗaga ta ta hammata, kada yara su ja ta wasan tsalle sai likita ya ba da izini, mai mura kuma ya ɗan dakata ya warke tukuna.